Akwati Uku Kacal: Dokar da Masuntan Kayar Suka Kafa wa Kansu

A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Dattawan Maraɗi da Damagaram ba sa bukatar a tuna musu: an kwanta da kuɗi a aljihu, gari ya waye rabin ƙarfinsu ya bi iska. A can bakin tekun Atlantika kuwa, a wani garin masunta na ƙasar Senegal mai suna Kayar, abin ya zo da wata fuska. Kifin da suke kamawa da fatsa yawanci Turai ake kai shi, da kuɗin waje ake biya, saboda haka a lissafin sefa darajarsa ta ninka dare ɗaya. Sai dai ninkin ya maƙale a hannun dillalai da kamfanonin da ke fitar da kifin. Masunci da ya sha raɓa a kan ruwa, kusan abin da ake ba shi jiya shi ake miƙa masa yau, ga inji da kayan gyara da zare duk sun yi tashin gwauron zabi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Sai masuntan suka janye jiragensu kan yashi suka yi zamansu, kwana 3 babu wanda ya taɓa ruwa. Da suka tashi komawa kuma, da doka suka koma: kowane jirgin fatsa akwati 3 na kifi kawai zai sauke a rana, kowane akwati kimanin kilo 15. Ko da kifi na tsalle yana faɗowa cikin jirginka, in ka cika na uku sai ka juyo gida. Wanda ya ƙetare, kwamitin masunta ya ci shi tara. Babu ministan da ya rattaba hannu, babu ƙungiyar Turawan da ta kawo shawarar. Kaya ya ragu a bakin ruwa, dillalai suka shiga rige-rige, farashi ya ɗaga.

Duk sanda aka tashi maganar al'adun garuruwan masunta, hoto ɗaya ake nunawa: jirage masu fenti, mata da kwanduna, rana tana faɗawa cikin ruwa. Ni dai a ganina, abin da Kayar ta gada mafi daraja ba ya ɗaukuwa a hoto, wato halin nan na mutanen gari su zauna su ce wa junansu "ya isa haka", su kuma tsare maganar. Halin yana da tushe, kuma yana da iyaka.

Kayar tana kimanin kilomita 60 arewa maso gabashin Dakar, a jihar Thiès, kan doguwar gaɓar yashi da ta miƙe har birnin Saint-Louis a arewa. Mutanenmu masu zuwa Kaulaha ziyara ko Mauludi kudu suke nufa in sun sauka, shi ya sa ba kasafai hanya ke biyo da su nan ba. Labarin baka na garin ya ce wani mutumin ƙabilar Lebu, Jaraaf Mbor Ndoye, shi ya kafa shi wajen 1874. Lebu su ne tsofaffin masuntan yankin Dakar, maganarsu reshen Wolof ce. A yau in yawan jama'a ake dubawa garin ya wuce ƙauye, yana ma cikin manyan wuraren sauke kifi na ƙasar, amma zamansa na ƙauye ne. An san jirgin gidan wane, an san ɗan wane ke riƙe da injinsa, an san wanda ya ci bashi ya sayi koma.

Wannan gaɓa ba ta da daɗin shiga. Igiyar ruwa tana karyewa da ƙarfi dab da yashi, kuma a nan, ba can tsakiyar teku ba, jirage da yawa ke kifewa. Abin da Allah ya bambanta Kayar da shi wani kwazazzabo ne a ƙarƙashin ruwa, bakinsa ya matso kusa da gaɓa sosai, ya gangara har zurfinsa ya haura mita 1,000 can ciki. Zurfin yana rage wa igiya ƙarfi, sai shiga da fita su yi sauƙi. Gefunansa kuma duwatsu ne da ramuka, gidan kifayen ƙasa masu tsada, ciki har da wanda suke kira thiof, a baki "cof". Darajarsa ta kai in 'yan matan Dakar suka ce saurayi cof ne, to sun gama yabonsa. Masuncin Kayar ba ya bukatar tafiyar kwanaki kafin ya kai ga wannan kifi. A bakin ƙofarsa yake.

Sai kuma iska. Daga wajen Disamba zuwa Mayu, lokacin da mu muke fama da hunturu da zafin bazara, iska tana kaɗowa daga arewa tana kore ruwan sama daga gaɓa. Ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, ɗauke da abin da za a iya kira takin teku. Ƙananan halittu su cika ruwan, sai yaboy, ɗan ƙaramin kifi dangin sadin, ya zo garke-garke, manyan kifaye su biyo bayansa. Kakar su ke nan. Damina na sauka ruwa ya ɗumama, kifi ya ja baya.

To, me mutumin Kayar ke yi da damina? Gona yake tafiya. Bayan tuddan yashi akwai jerin fadamu da ake kira Niayes, inda ruwa ke kusa da sama, kuma daga nan mafi yawan kabeji da karas da albasa da tumatir na kasuwannin Dakar ke fitowa. Ɗan asalin Kayar ƙafarsa ɗaya a jirgi take, ɗaya a lambu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don manomi da idon manomi yake kallon komai. A wurinsa ruwan da ke gaban gari gandun gari ne. Wuraren kifi na ƙarƙashin ruwa suna da sunaye kamar yadda gonaki ke da su, kuma kafin na'urar nuna hanya ta zo, uba yakan koya wa ɗansa gano su ta hanyar daidaita wata bishiya da wani tudu a kan gaɓa. Wanda ya san baɗi nan zai dawo, jikansa ma nan zai ci, ba ya son a yi wa wurin cin kare-dangi. Ga shi kuma in an ce a rage kamu, yana da lambun da zai jingina da shi.

Baƙinsa ba haka suke ba. Kowace kaka masunta daga Guet Ndar suna saukowa Kayar ci-rani da iyalansu, har suna da unguwarsu. Guet Ndar unguwa ce a Saint-Louis, a kan wani siririn zirin yashi tsakanin kogin Senegal da teku, cunkushe da jama'a, babu ko taƙin gona. Mutanenta ba su da wata sana'a sai su, kuma kowa ya sallama musu a gwaninta. Kifi suke bi duk inda ya nufa: Murtaniya, Gambiya, Gini Bisau. A wurinsu teku na Allah ne, babu mai cewa nan nawa ne. Wasunsu da kalli suke aiki, irin wanda ake shimfiɗawa a ƙasan ruwa a bar shi ya kwana. 'Yan fatsa na Kayar kuwa sun tsani wannan kalli. Yana sarƙe musu zare. In ya maƙale a dutse ya tsinke, can zai zauna yana kama kifi babu mai ɗauka, kifin ya ruɓe, sauran su ƙaurace wa wurin. Na roba ya fi muni, don ba ya ruɓewa.

Duk wanda ya taso a inda manomi da makiyayi ke haɗa hanya zai gane wannan rigima tun kafin a ƙarasa ba shi labari. Ɗaya gona yake gani, ɗaya daji. Bambancin kawai, a kan ruwa babu burtalin da za a nuna da yatsa. A 1985 abin ya kai ga zubar da jini, hukuma ta shata yankin da aka hana kafa kalli. A 2005 aka sake gwabzawa, aka yi asarar rai. A 2023 ma an yi irinta, wannan karon da masuntan Mboro da ke arewa da su, duk a kan kallin roba. Dokar ƙasa ta hana wannan kalli tun 1998, amma har gobe yana cike da gaɓar Senegal. Kayar na cikin 'yan wuraren da hanin ya wuce takarda, don mutanen gari ne da kansu ke shiga ruwa suna tsamo shi.

Ba zan yi wa wannan kwalliya ba. Dokar da ɗan gari ke tsarewa da sanda, a kan baƙo ta fi sauka, kuma baƙon nan talaka ne mai neman abin kai wa baki, kalli ne jarinsa duka. Cikin kishin teku akwai kishin "mu ne 'yan ƙasa". Wanda ke yabon Kayar ya haɗa da wannan a lissafinsa.

Abin mamakin shi ne, mutanen da ke faɗa a kan kalli sun iya haɗa kai a kan taru. Injin bayan jirgi ya fara shigowa Senegal a shekarun 1950, ya game gaɓa a shekarun 1970. A farkon shekarun 1970 ɗin kuma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta kawo taru mai zagaye. Jirage biyu ke fita da shi, da mutum 20 ko fiye. In an hango garken yaboy, sai a zagaye shi da tarun, a ja igiyar ƙasa ta tsuke kamar mazagin wando, kifi ya rasa mafita. Jifa ɗaya kan cika jirgi maƙil. Da farko murna aka yi. Daga baya aka ga in taruna da yawa suka sauke a lokaci guda, wasu ma su koma su ƙaro, farashi faɗuwa yake warwas, har a rasa mai saye a bar kifi yana ruɓewa a kan yashi. A 1992 masu taru na Kayar, 'yan gari da baƙi, suka amince kowane taru sau ɗaya zai fita a rana. A Saint-Louis kuma raba jiragen aka yi gida biyu, yau waɗannan, gobe waɗancan. Ke nan dokar akwati uku ta 1994 ta tarar da turba.

Me ya sa ta zauna? Dalili na farko yana cikin yadda ake raba kuɗi. Masunci a nan ba ɗan albashi ba ne. In an sayar da kifi, a fitar da kuɗin mai da koto da abinci, sauran a kasa: a jirgin fatsa kaso ɗaya na jirgi, ɗaya na inji, kowane mutum ɗaya. Saboda haka yaron da ke kwarfe ruwa ma ya san farashin akwati, kuma ya san in ya ɗaga aljihunsa zai ji. Na biyu, wurin sauka ɗaya ne, a fili, a gaban kowa. Ba ka da inda za ka ɓoye akwati na huɗu daga idon surukinka. Na uku, kuma shi ne ginshiƙi, irin kifin da suke kawowa, ɗanye shar na fatsa, wanda koma ba ta ƙuje shi ba, ba ko'ina dillali zai same shi ba. In Kayar ta rage, kasuwa za ta ji. Wasu masana tattalin arziki biyu 'yan Beljiyam, Jean-Philippe Platteau da Frédéric Gaspart, sun bi garuruwan masuntan Senegal suna nazarin irin waɗannan dokoki, suka ga inda rage kamu ba ya motsa farashi, dokar ko dai ba ta kafuwa ko ba ta daɗewa. Sun kuma tarar ko a inda ta kafu, masunta da yawa suna zargin ana karya ta.

Wato dai ba don tausayin kifi aka fara ba, don kuɗi aka fara. Daga baya ne ƙungiyoyin kare muhalli suka zo suka ɗaura mata rawanin "kiyaye albarkatun teku", gwamnati kuma a Nuwamban 2004 ta ayyana ruwan Kayar, murabba'in kilomita 171, cikin yankunan teku 5 da ta keɓe. Wasu na ganin asalin nan na kuɗi a matsayin tawaya. Ni ina ganin shi ne ma ya riƙe dokar. Wa'azin "ku bar wa jikoki" ba ya hana mai yunwa jefa ƙugiya. Amma in ka nuna masa akwati uku na yau sun fi goma na jiya kuɗi, ga sauran mai a tanki, ga shi ya dawo gida da wuri, to kun gama magana.

In ana so a ga inda arzikin ke bi, a tsaya a bakin ruwa lokacin da jiragen taru ke dawowa. Babban jirgi ba ya iya hawa yashi da kayansa, sai ya tsaya inda ruwa ke kai wa mutum ƙirji. 'Yan dako su kutsa cikin igiya da akwatunan roba, a cika musu, su ɗora a ka bisa gammo mai kauri, su fito da sassarfa, ruwan kifi na zuba musu a wuya. Yara na biye da su suna tsince duk wanda ya faɗo, kuma babu mai kora su, wannan rabonsu ne. Kekunan doki na jira da ƙafafunsu cikin ruwa. Can baya motocin ƙanƙara ne na masu kai wa Dakar da Touba da cikin ƙasa. Tsofaffin masunta da ƙarfi ya ƙare wa suna zaune a rumfa, in jirgi ya sauke sai a aika musu da ɗan na miya. Jirgi ɗaya, bakuna ɗari.

Mafi yawan bakunan na mata ne. Abin da bai tafi ɗanye ba hannunsu yake faɗawa. Su jera yaboy a ƙasa ko a kan tanda, su rufe da ciyawa ko kara su cinna wuta. In ya gasu ya huce, su cire kai, su ɓare fata da yatsa ɗaya bayan ɗaya, su barbaɗa gishiri, su shanya a kan raga kwana da kwanaki. Shi ne keccax, a baki "kecak", ɗan'uwan bandarmu. Yana jure tafiya da zafi, shi ya sa yake kaiwa ƙauyukan da ba su taɓa ganin teku ba, har ƙasashen maƙwabta. Akwai kuma gejj, kifin da ake bari ya ɗan yi tsami kafin a busar, wanda aikinsa a tukunya kamar na daddawa ne: ɗan guntu ya gyara miya. Ba a dafa ceebu jën, shinkafa da kifin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2021, ba tare da shi ba. Da wannan sana'a mata ke ciyar da gida lokacin da ruwa ya hana, da ita ake biyan kuɗin makaranta, wasunsu ma su ke ba mazan bashin kuɗin mai.

Shi kansa jirgin, gaal a Wolof, ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Ƙasansa gungume guda ne da ake fafewa, a da rimi ko maɗaci, sannan a ɗora katakai a gefe, a sa masa dogon baki gaba da baya don yanka igiya. Na taru kan kai mita 20. Sai mai fenti ya zo ya rubuta sunan uwa ko uba ko shehin ɗariƙar mai jirgin, Muridi ne ko Batijjane, wani ya ƙara tambarin ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya, a kuma soke laya a wani lungu. Akwai ma masu cewa sunan ƙasar daga "sunu gaal" ya fito, wato jirginmu. Masana tarihi da yawa ba su yarda ba, sun fi danganta shi da ƙabilar Sanhaja ta Sahara, amma 'yan siyasa ba su fasa amfani da shi ba: jirgi ɗaya muke ciki, kada a kife da mu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Dokar Kayar iyakarta inda idon Kayar ke kaiwa. Kifi kuwa bai san Kayar ba. Yaboy da ake kamawa a nan garke ɗaya ne da na Gambiya da Murtaniya da kudancin Maroko, yana hawa yana sauka da yanayi. Masana na FAO sun daɗe suna cewa ana kama shi fiye da ƙima, ga ɗumamar ruwa tana tura shi arewa. In ka ɗaure tarunka ka ce sau ɗaya a rana, wani a Nuwadibu ta ƙasar Murtaniya yana kwasa dare da rana, kai ka yi azumi ne wani ya sha ruwa.

Manyan jiragen kamfanoni doka ta ce kada su matso cikin kimanin mil 6 daga gaɓa, masunta kuwa kullum kukansu shi ne da dare suke shigowa su share ƙasan ruwa, su tafi da komar mutane. A 2012, bayan zanga-zangar masunta, sabuwar gwamnatin Macky Sall ta soke izinin manyan jiragen waje 29. A farkon 2014 sojojin ruwan Senegal suka kama jirgin Rasha Oleg Naydenov. An yi ta tafi. Amma ƙofar baya a buɗe take: kamfanin waje ya samu ɗan ƙasa su yi rajistar haɗin gwiwa, jirgi ya ɗaga tutar Senegal, shi ke nan ya zama ɗan gida. A watan Mayun 2024 gwamnatin Bassirou Diomaye Faye ta fitar da jerin jiragen da ke da lasisi: na waje 19, masu tutar ƙasa 132, a gefe guda kuma jiragen gargajiya fiye da 17,000. A Nuwamban shekarar yarjejeniyar kamun kifi da Tarayyar Turai, wadda aka fara ƙulla irinta tun 1979, ta ƙare ba a sabunta ba. Masunta sun yi murna, sai dai jiragen Turawan nan galibi kifin tuna suke bi can nesa. Tafiyarsu ba za ta dawo da yaboy ba. Kuma gaskiya ɗaya ce, jirage 17,000 su ma ba ƙaramin baki ba ne a kan ruwa.

Wanda ya fi shiga har ɗakin girki shi ne garin kifi. Masana'antu ne ke sayen yaboy ɗanye, su dafa, su matse mai, su niƙa, a fitar da garin zuwa Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da aladu da kaji. Sai an niƙa kilo 4 zuwa 5 na kifi kafin a samu kilo 1 na gari. Akwai gommansu a Nuwadibu, akwai a Gunjur da Sanyang da Kartong na Gambiya, akwai a Senegal. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare muhalli na Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce fiye da tan 500,000 na ƙananan kifi ake kwashewa daga wannan yanki kowace shekara don haka, abin da zai ciyar da mutum miliyan 33. A nan ne haɗin kan bakin ruwa ke tsagewa. Mai taru yana son masana'anta, don tana sayen komai, manya da ƙanana, ta biya nan take. Mai gasa kecak kuwa ba za ta iya ja da ita a farashi ba, sai ta koma gida da kwando wayam. Sau da yawa kuma gida ɗaya suke kwana. Ita ma Kayar an kafa mata irin wannan masana'anta. A 2022 wata ƙungiyar mutanen gari mai suna Taxawu Cayar ta kai ƙara kotun Thiès tana neman a dakatar da ita, bisa zargin wari da gurɓata ruwa. Kotu ta yi watsi da buƙatar. Kwamitin da ke iya cin maƙwabci tara a kan akwati ɗaya ba shi da ta cewa a ƙofar kamfani.

Ga kuma iskar gas. A 2016 da 2017 kamfanin Kosmos ya gano rijiyoyin Teranga da Yakaar can cikin teku, a yankin da aka raɗa wa sunan Kayar. Mutanen garin suna kallon abin da ya samu 'yan Guet Ndar, waɗanda aikin gas na kan iyakar Senegal da Murtaniya ya killace musu Diattara, wurin kifin da suka gada.

Saurayin da ya tashi a irin wannan gari lissafinsa a fili yake. An fita, an ƙona mai, an dawo, bayan an cire kuɗin mai kasonsa bai kai na sabulu ba. Abin da ya iya shi ne teku. Jirgin taru da ya rasa yaboy kuwa yana ɗaukar mutum 100. Daga gaɓar Senegal zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya kimanin kilomita 1,500 ne, tafiyar mako guda in an dace. A 2006 mutum fiye da 31,000 suka isa tsibiran ta ruwa, a 2023 kusan 40,000, a 2024 fiye da 46,000, daga ƙasashe daban-daban na yankin. Taken da matasan suka yi wa tafiyar ba ya bukatar tafinta a wurin Bahaushe: "Barsa wala barsak", ko Barcelona ko barzahu. Kafintan da ya sassaƙa jirgin shi ne na jiya, matuƙin ma shi ne, ilimin iska da tauraro da ya gada shi yake kai su. In sun isa, wasu a gonakin Sifaniya suke ƙarewa, wasu a jiragen kamun kifinta.

Arewa da Kayar, a kan gaɓa ɗaya, akwai ƙauyen masunta mai suna Fass Boye. Ranar 10 ga Yulin 2023 jirgi ya tashi daga can da mutum 101, akasarinsu 'yan ƙauyen, wa da ƙane, ɗan wa da ɗan ƙane. Mai ya ƙare musu, iska ta ja su yamma. Sai tsakiyar Agusta, bayan fiye da wata guda, wani jirgin kamun kifi na Sifaniya ya tsince su kusa da tsibirin Sal na ƙasar Kef Bad. Mutum 38 ne da rai. Gawa 7 aka samu a cikin jirgin, a can tsibirin aka yi musu sutura. Sauran ba a samu abin binnewa ba.